Silsilar Wuta a Hannun Makanikan Gyallesu

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Gyallesu ta Zariya cikin hunturu, ya fito bayan sallar asuba tun hazo bai saki kawunan itatuwa ba, da wuya ya rasa ganin wani bawan Allah a ƙofar gidansa, ya saɓa babbar riga a kafaɗa, ya naɗe ƙafar wando, yana ta dukan kik ɗin tsohon babur, babur kuwa ya yi kunnen uwar shegu da shi. In ya buga har gumi ya karyo masa duk da sanyin, ya girgiza tanki ya ji mai na motsi, ya sa yara sun tura shi har bakin titi bai ko yi tari ba, sai ya haƙura ya ja shi zuwa rumfar bakanike. Can kuma, bayan an gaisa an tambayi iyali da kwanan gajiya, hukuncin da za a yanke masa ba ya wuce kalmomi biyu: ba wuta.

A kan waɗannan kalmomi biyu nake so in tsaya, domin a bayansu akwai wani fanni na ilimi wanda ba a rubuta shi a allo ba, ba a kuma karantar da shi a zaure, amma ya rayu a wannan unguwa da maƙwabtanta shekaru masu yawa, yana bi daga hannun maigida zuwa hannun yaronsa, yanzu kuwa ga shi yana neman shuɗewa tare da ma'abotansa. Zazzau ƙasa ce da aka san ta da girmama gwani. Har gobe ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ana kuma ambaton malaman Kona da na Juma waɗanda saboda su ɗalibai ke niƙo gari daga nesa don neman nahawu da lugga. Ina ganin ba zai zama rashin ladabi ba in an ware ɗan gefen takarda ga mutanen da suka ƙare rayuwarsu wajen farautar wani tartsatsi da bai kai ƙwayar gero girma ba.

Kafin a yi maganar wuta sai a san yadda ƙarfen ya zo. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, ya haifi Sabon Gari, ya kuma kawo wata irin sana'a wadda maƙeranmu ba su gada ba, wato ta mutanen da ke kwance inji su mayar da shi. A ma'aikatun reluwe da na ayyuka, da kuma cikin soja a lokacin yaƙin duniya na biyu, mutane da yawa suka fara riƙe sufana. Su kuwa talakawan gari keke suka fara sani, musamman Raleigh, kuma daga gindin bishiyar mai facin keke yawancin masu gyaran babur na farko suka taso, don wanda ya iya ɗaure sarƙa da gyara birki ya riga ya yi rabin tafiya. Baburan farko na Ingila ne, irin su BSA da Triumph, manya masu nauyi, masu rugugi kamar hadari, ana ganinsu a hannun Turawa da ƙalilan daga manyan ma'aikata.

Ita Gyallesu mazauninta ne ya sa ta zama matattarar wannan sana'a. Tana gefen ganuwa, tana maƙwabtaka da Tudun Wada da Kongo, makarantu kuma sun kewaye ta: a Kongo ga makarantar koyon sha'anin mulki da ta samu wannan suna a 1954, ga babbar kwalejin horon malamai da aka buɗe a 1962, wadda daga baya aka kira Kwalejin Ilimi ta Tarayya, a shekarar nan kuma aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello da babban mazauninta a Samaru. Inda duk aka tara malamai da akawuna masu albashin wata, waɗanda gidansu ke birni aikinsu ke waje, dole a sami abin hawa da ya fi keke sauri bai kai mota tsada ba. Vespa ta Italiya, wadda kamfanin Piaggio ya fara ƙerawa a 1946, ta dace da mai babbar riga, don yana zama a kanta kamar kan kujera, tufafinsa ba su shiga sarƙa. Sa'an nan Japan ta shigo da Honda da Yamaha da Suzuki. Ƙaramar Honda da aka fara ƙerawa a 1958, mai suna Super Cub, ta yi albarkar da ba wani abin hawa mai inji da ya taɓa yi a duniya, domin a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji a farkon 1975 sai babura suka cika titin Ƙofar Doka, har a 1979 kamfanin Honda ya kafa ma'aikatarsa a Ota ta jihar Ogun. Dukan waɗannan babura kuwa, na Ingila da na Italiya da na Japan na wancan zamani, hanyar wutarsu a asali ɗaya ce, wato ta kontak.

Kakanninmu sun san ƙyastu da ƙanƙara: a buga ƙarfe a kan dutse, tartsatsi ya faɗa kan auduga, a hura ya zama wuta. Inji ma haka yake bukata, sai dai nasa ƙyastun dole ya ƙyasta sau dubbai a minti ɗaya, a cikin ɗaki rufaffe inda fistin ya matse iska da tururin fetur, kuma a daidai wani lokaci ƙayyadadde wanda in aka saɓa shi da ƙiftawar ido aiki ya ɓaci. Asalin hikimar daga wani Baturen Ingila ne, Michael Faraday, wanda ya gano a 1831 cewa in ƙarfin maganaɗisu ya sauya a kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki na haihuwa a cikinta. Daga wannan asali mazhabobi biyu suka fito. Ta farko ta Jamus ce: a 1902, a ma'aikatar Robert Bosch da ke Stuttgart, wani injiniya mai suna Gottlob Honold ya ƙera magineto mai ƙarfin tsallakar da wuta a bakin fulogi, wanda ke haifar da lantarkinsa da kansa daga juyawar inji, ba ruwansa da batir. Ta biyu ta Amurka ce, ta Charles Kettering na garin Dayton, wanda a wajen 1910 ya tsara a ɗebo wuta daga batir a bi da ita ta koyil. Bakanike na gaske tambayarsa ta farko ga kowane babur ita ce wace mazhaba yake bi, domin hukuncin ɗaya ba ya hawa kan ɗaya.

Koyil ɗin nan waya biyu ce a naɗe a kan ƙarfe guda. Ta farko mai kauri ce, zagayenta bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Ta biyu siririya ce kamar gashi, zagayenta ya kai dubbai masu yawa. Kontak kuwa wasu 'yan leɓɓa ne biyu na ƙarfe masu haɗuwa su rabu, wani ɗan tudu a jikin sandar inji ne ke ture ɗaya ya buɗe shi a kowane zagaye. Abin mamakin, wanda yaro kan daɗe bai gane ba, shi ne wuta tana fita ne a lokacin da leɓɓan suka rabu. Da zarar sun rabu, ƙarfin maganaɗisun da ke cikin koyil ya sauya farat ɗaya, sai bolt 6 na tsohon batir, ko ɗan abin da magineto ya haifar, ya koma bolt 10,000 ko fiye a siririyar wayar, ya bi baƙar waya mai kauri zuwa hular fulogi, ya tsallake ɗan gibin da bai wuce milimita 0.6 zuwa 0.7 ba. A gefen kontak kuma akwai wani ɗan gwangwani kamar ɗan yatsa, shi ne kondensa, aikinsa ya shanye wutar da ke neman tsallakawa tsakanin leɓɓan don kada ta cinye su, ya kuma sa yankewar ta zama kaifi ɗaya.

Ga silsilar ke nan, kuma a nan ne na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Allah ya tsare mu da daidaita ilimin hadisi da gyaran babur, misali ne kawai nake bugawa don kusantarwa. Amma wanda ya zauna gaban malami ya ga yadda ake bin isnadi, a fara daga wanda ya faɗa maka, a koma ga wanda ya faɗa masa, a tsaya a kan kowane mutum a tambayi adalcinsa da kiyayewarsa, har a gano inda ruwaya ta yanke ko inda illa ta ɓuya, to in ya tsaya a rumfar tsohon bakanike zai ga wannan tarbiyya ta hankali a cikin wata riga daban. Gwani ba ya tuhumar kowa sai da hujja, ba ya kuma wanke kowa sai ya jarraba shi, kuma daga ƙarshen silsila yake farawa yana komawa baya.

Fulogi ne shaida na farko. Sai ya kwance shi ya dubi bakinsa, domin launinsa labari ne: in ya yi ja-ja kamar ƙasar ganuwa inji na lafiya, in ya yi baƙi da toka mai ya yi yawa, in ya jiƙe da baƙin mai to ciwon ya wuce maganar wuta. Sa'an nan ya mayar da shi cikin hularsa, ya jingina gindinsa da kan inji, ya kare shi da tafin hannu daga hasken rana, ya ce wa yaro ya buga. Wuta ingantacciya shuɗiya ce mai kauri, ana jin ƙarar tsallakarta. Ja ko rawaya siririya mai rauni ce, ba a karɓar shaidarta, domin wutar da ta tsallaka da ƙyar a sarari ba za ta iya tsallakawa ba a cikin inji inda iska ke matse. Wannan mas'ala ta ɓatar da masu gaggawa da yawa, su ga ɗan tartsatsi su wanke wuta, su tafi su kwance kafireta a banza. In fulogi bai kawo ba sai a gwada wani da aka tabbatar da lafiyarsa. In shi ma ya yi shiru sai a cire hular, a kusantar da tsirarar waya ga jikin inji kamar faɗin alƙalami. In ta tsallaka a nan, laifin na hula ne, ko na bakin wayar da ya yi tsatsa, wanda sau da yawa datse ɗan guntu daga gare shi a sake murɗa hular ya isa magani.

Daga nan hanya ta rabu. In babur na mazhabar batir ne, irin Honda CD175 da manyan malamai suka yi yayi, sai a murɗa makulli a danna ham a dubi fitila. In murya ta shaƙe haske ya dushe, ba sai an je nesa ba, batir ne ko fiyus ko wayar da ke ɗaure da jikin ƙarfe ta saki. In kuwa na magineto ne, irin ƙananan Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa, to makulli a nan aikinsa kashewa ne: idan an rufe shi, yana karkatar da wutar ne zuwa jikin ƙarfe ta zube. Saboda haka makullin da ruwa ya shiga, ko wayar da ta goge ta taɓa ƙarfe a ƙarƙashin tanki, suna iya kashe babur alhali komai nasa lafiya lau. Gwani sai ya zare wannan waya, wadda a Honda baƙa ce mai farin zane, ya sa a buga. In wuta ta dawo, an kama ɓarawo ba a kwance ko noti ɗaya na inji ba.

Sai in duk waɗannan sun kuɓuta ake buɗe murfin gefe a fuskanci kontak, kuma a nan ake rarrabe gwani da ɗan koyo. Akwai wani dattijo da na sani a unguwar nan, Allah ya jiƙansa da rahama, wanda mahaifina ke kai wa babur ina biye da shi ina yaro. Ba na manta yadda yake duƙawa ya juya ƙwaryar maganaɗisu da hannu a hankali, yana leƙe ta ɗan tagar da ke jikinta, yana kallon leɓɓan na buɗewa suna rufewa. In ya ga sun yi ƙuraje sai ya shafe su da lallausar samfefa, ya bi da tsumma mai tsabta, don ɗigon mai ko ƙwayar yashi ɗaya a tsakaninsu ya isa ya yanke ruwaya. In ɗan dunduniyar da tudu ke turewa ya cinye har gibin ya rufe, sai ya sassauta sukuru ya mayar da shi yadda littafin kamfani ya ce, wato milimita 0.3 zuwa 0.4, ko da yake shi bai taɓa karanta littafin ba, idonsa ne ma'auninsa. In ya ga wuta na fallatsa da yawa tsakanin leɓɓan ana bugawa, ya san kondensa ta gaji. Wajen saita lokaci kuwa sai ya ciro wata 'yar siririyar takarda ta cikin kwalin taba, abin da ba ya wuya a garin da kamfanin taba ya kafa ma'aikata tun 1959, ya saƙa ta tsakanin leɓɓan, ya riƙe ta da yatsu biyu yana ɗan ja, ɗaya hannun na juya ƙwarya; daidai lokacin da takardar ta suɓuce, alamar F da ke jikin ƙwaryar dole ta kasance daura da zanen da ke jikin inji. In ta saɓa ya sake, in ta saɓa ya sake, ba ya ƙosawa.

Wata rana mahaifina ya ce masa, “Malam, tun da kana zargin koyil, me zai hana mu sayo sabo mu huta?” Sai ya ɗago kai ya ce, “Allah ya gafarta malam, zargi nake yi, ban kama shi ba tukuna. In na sa ka sayi abin da ba shi ne ba, kuɗin cefanen gidanka na ci.” Ya ci gaba da bincike har ya gano ɗan ƙaramin makullin ƙarfe da ke riƙe ƙwarya a kan sandarta ne ya karye, ƙwaryar ta zame daga mazauninta, wuta na zuwa amma ba a kan lokacinta ba. Abin da aka kashe ranar bai kai kuɗin ƙosai ba.

Akwai kuma illolin da ke ɓuya, waɗanda sai mai dogon zama ke saninsu. Koyil ko kondensa da suka tsufa sukan yi aiki da sanyin safiya, in inji ya ɗau zafi su ɗauke, mutum ya tsaya a hanyar Samaru ya yi ta bugu, in ya gaji ya zauna inji ya huce sai ya tashi da bugu ɗaya kamar ba abin da ya faru. Da yawa sun danganta wannan ga sammu ko iska, alhali siririyar wayar ce ta tsinke a ciki, zafi na raba bakinta sanyi na haɗawa. Damina na da nata, don ruwan da ya taru a kwatamin unguwa in ya fantsama cikin hular fulogi sai wuta ta bi danshi ta gudu. Hunturu kuma ƙura yake cusawa ko'ina. Abu ɗaya da ban taɓa yarda da shi ba cikin al'adar rumfunan nan shi ne sa sabon yaro ya riƙe tsirarar waya a buga kik, wai don a ji ƙarfin wuta daga ihunsa. Cutarwa ce ga amanar da iyaye suka kawo, kuma dattijon da na ambata bai taɓa yin haka ba. Yaransa wankin kayan inji da miƙo sufana suka fara yi shekara da shekaru, suna kallo, kafin ya yarda ɗayansu ya taɓa sukurun kontak, kuma ba ya yaye yaro sai ya ga yana iya faɗin dalilin abin da ya yi.

Zamani ya juya daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, babur kuma ya tashi daga abin hawan malami ya koma abin neman abinci, wato acaɓa. A daidai wannan zamani ne kuma kamfanoni ke barin kontak suna komawa ga wani ɗan baƙin akwati rufaffe da ake kira CDI, wanda ke tara wuta ya sake ta bisa ishara daga wani ɗan koyil, ba leɓe ba dunduniya, ba abin da ke gogar wani balle ya cinye. Da baburan Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa a farkon shekarun 2000, daga baya Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya ta biyo, sai kontak ya zama abin tarihi.

Gaskiya ɗaya ce, wannan akwati rahama ne ga talaka. Ɗan acaɓan da abincin iyalinsa ke kan tayoyi biyu ba shi da lokacin zuwa saitin kontak duk bayan 'yan makonni, kuma wutar CDI ta fi ƙarfi ta fi tabbata. Ba na cikin masu kukan komai na da ya fi. Abin da ke damuna shi ne akwatin ba ya buɗuwa, an toshe cikinsa da ƙaro, ba a ganin abin da ke gudana balle a gyara, sai dai a cire a sa wani. Yaron da ya tashi a kan haka sai hannunsa ya saba da canji tun kafin hankalinsa ya saba da tambaya: a sa sabon fulogi, bai tashi ba a sa sabon koyil, bai tashi ba a sa sabon akwati, duk a aljihun mai babur, har a dace. Alhali silsilar tana nan yadda take, daga maganaɗisu zuwa bakin fulogi, makulli na nan yana karkatar da wuta, waya na nan tana gogewa a ƙarƙashin tanki, kuma akwatuna nawa masu lafiya aka jefar saboda laifin wayar da ba a duba ba. Cikin samarin ma akwai na kirki da suka riƙe tsarin bincike, har sun ƙara da mita mai auna lantarki wadda magabatansu ba su samu ba, kuma su ne nake sa rai a kansu.

Har yanzu akan ga tsohuwar Vespa ko CD175 ta fito daga wani zaure a cikin birni, mai ita ya tsufa tare da ita, ya ƙi rabuwa da ita ko an taya. In ta ɗauke wuta, samarin bakin titi sukan dube ta su ce a kai wa Baba, su kwatanta rumfar ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka rage. Na bi irin wannan kwatance a bara, na tarar da ɗaya daga cikin yaran dattijon nan, shi ma yanzu furfura ta cika masa gemu, ya jawo wani tsohon gwangwanin madara cike da kontak da kondensa da ya tsinta daga matattun babura, don sababbinsu sun yi wuya a kasuwa, yana zaɓa yana ɗagawa ga haske. Da ya sami wanda ya gamsu da shi ya ɗaura, sai ya kira wani ɗan yaro da ke wankin sarƙa a gefe, ya ce masa ya wanke hannu ya zo ya riƙe takarda.